Almakashi Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran yayana, wanda duk garin nan ya sani da Tela, a kan gado na uku daga ƙofar ɗakin maza na asibiti. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, jikoki tara, da ƙane ɗaya, wato ni. Mai shi ya ba mu aronsa, mai shi ya karɓi abinsa, mu ma duk muna kan hanya.

Yaya, kwamitin gidan tarihi ne ya ce in rubuta maka ta'aziyya, tunda ni ne sakatare, kuma ni ne mai alƙalami a gidanmu. Shugaba ya ce in yi ta gajeriya, in zuba kalmomi masu sanyaya rai, don a karanta a taron ƙarshen wata. Na amsa masa da to. Ga ta nan ina rubutawa, amma ba gajeriya ba ce, sanyi kuma ban san inda zan samo shi ba. Kana raye ma ba ka iya karatu ba, komai sai na karanta maka, kai kuma ka kama gyara mini. Yau zan faɗi tawa har ƙarshe, babu mai katse ni.

Wata bakwai na yi ina bin ka da tambaya guda ɗaya: a cikin almakasai arba'in da ɗaya da ke gidan tarihi, wanne ne na babanmu? Duk wanda zai karanta wannan ya riƙe tambayar nan, domin ita ce ta rage tsakanina da kai, ita ce kuma ta sa ba na iya rubuta irin ta'aziyyar da Shugaba yake so.

Babanmu ma'aikacin masaƙa ne, babbar masaƙar nan da ta ciyar da rabin garin nan kafin a rufe ta. Ya faɗi a bakin injinsa wata ranar aiki, bai tashi ba. Kana da shekara goma sha ɗaya, ni ina da wata huɗu. Bai bar hoto ba. Ban san muryarsa ba, ban san tsawonsa ba, in ban da abin da kai da Inna kuka gaya mini, ku biyun kuma ba masu yawan magana ba ne. Masaƙa takan ba kowane ma'aikaci ɗan ƙaramin almakashi na yanke bakin zare, duk iri ɗaya, ƙira ɗaya, babu suna babu lamba, ya rataya a wuya da igiya. Shi aka kawo wa Inna tare da takalmansa. Takalman kai ka sa su har suka mutu.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, kai ka raine ni. Ka shiga shagon wani tela kana share ƙasa da ɗinka maɓalli tun kafin muryarka ta buɗe, don ni in zauna a aji. Kayan makarantata na farko kai ka ɗinka, ka yi su da girma har hannun rigar yana rufe mini yatsu, ka ce za su kai ni aji uku. Yara suka yi ta yi mini dariya, na dawo ina kuka, ka dube ni ka ce in kukan zai sa in yi saurin cika rigar, to in ƙara ƙarfi. Sun kuwa kai ni aji huɗu. Ranar da na zama malamin makaranta ka ɗinka mini riga daidai jikina a karon farko, ka miƙo mini ba tare da ka ɗago kai daga keken ɗinki ba, ka ce, “Ungo, ɗan boko.” Sunan da ka kira ni da shi ke nan har ka mutu, ban taɓa tantance yabo ne ko zagi ba.

Mutanen gari suna da nasu abin tunawa. Shekara hamsin da wani abu ka yi kana yi musu ɗinki. Wanda ya kawo yadi bai isa ba, sai ka ƙara daga naka ka yi shiru. Wanda aka yi wa mutuwa ba shi da hali, kai ne mai zuwa da farin yadi a hammata tun kafin a aiko. Amma bakinka ya fi allurarka tsini. Ka taɓa gaya wa wani babban mutum, a gaban jama'a, cewa ba wandon ne ya matse ba, cikin ne ya manta da asalinsa. An ji tsoronka kamar yadda aka ji daɗinka, kuma ka san da haka, kana ma jin daɗin abin.

Da aka rufe masaƙa, gari ya yi tsit. Jiniyar da take tashin mutane da safe ta daina kuka, aka yi watanni tsofaffin ma'aikata suna farkawa a kan lokacinta suna zaune a bakin gado. Sai masu sayen tsohon ƙarfe suka shigo da amalankensu, suna bi layi-layi, mutane suna fito musu da duk abin da ya yi saura. Kai ne ka hau tsohon kekenka na hawa ka riga su shiga gidaje. Ka tsaya a tsakar gidan mutane kana faɗa kamar kayanka ne: kwanon abincin da mijinki ya ɗauka shekara talatin za ki bari a narka? Aka ce Tela ya taɓu. Ka je ka zaunar da masu kula da filin masaƙar, ka hana su sakat, har suka gaji suka ba ka ɗakin masu gadi da ke bakin ƙofa, mai taga ɗaya da rufin da yake yoyo. Ka hau da kanka ka toshe. Ka kafa katakai. Ka jera kwanoni, fitilu, ƙoshiyoyin saƙa, agogon bango na ofis, takalman roba na masu rini, da ita kanta jiniyar, wadda ka sa mutum shida suka sauko da ita daga kan hasumiya. Haka gidan tarihin garin nan ya fara, shekara goma sha tara da suka wuce, babu kwamiti, babu sakatare.

To, ga inda maganar take. Kayan masaƙa duk iri ɗaya ne. Kwano goma sha tara, ba a bambanta wannan da wancan. Fitila ashirin da shida. Almakashi arba'in da ɗaya. Kai kuma ba ka rubutu. Sai ka yi abin da tela ne kaɗai zai yi tunaninsa. A ƙarƙashin teburin shagonka akwai buhunan ƙyallaye, ragowar duk ɗinkin da ka taɓa yi, ba ka zubarwa. Duk wanda ya kawo kaya, sai ka tona buhu ka zaro ƙyallen yadin da ka taɓa ɗinka wa gidansu, ka ɗaura a jikin abin. Zanen matar gidan, ko rigar mai gidan, ko kayan makarantar ɗansu. Kana ganin ƙyallen ka san gidan, ka san mutumin, ka san sashen da ya yi aiki da yatsan da inji ya cinye masa. Ba kai kaɗai ba ma. Matar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba tana shigowa za ta hango zanenta a jikin fitila, ta nufe ta kai tsaye.

Akwai wata tsohuwa, matar wani mai rini, wadda takan zo duk mako da sandarta. Ta wuce kowa, ta je wurin kwanon da ke da koren ƙyalle mai ɗigon fari, ta zauna a benci kusa da shi, ta ba shi labarin gida: wane ya yi aure, wance ta haihu, rufin ɗaki ya fara zuba. Kai kuma ka fita waje ka tsaya a rana har ta gama. Wannan na gani da idona, na kuma yi dariya a raina a lokacin.

Ni ina can wani gari ina koyarwa duk tsawon shekarun nan. Da na yi ritaya na dawo, na tarar da ɗaki mai ƙura, kowane abu da tsumma a wuya, wasu sun koɗe, wasu sun yi baƙi da dauɗar hannu. Kunya ta kama ni, Yaya. Gara in faɗa yau. Na ji kunyar a ce wannan ne tarihin garinmu, kuma yayana ne ya yi shi haka. Muka haɗu mu bakwai, masu takardu, muka kafa kwamiti don mu taimake ka. Mai kemis na bakin kasuwa ya zama shugaba, mutumin da bai taɓa taka ɗakin ba sai da ya ji ana maganar kujera. Muka ba ka muƙamin mai ba da shawara, muka kuma kula sosai kada mu nemi shawarar. Ka zo taro sau biyu, ka zauna a ƙarshen benci kana warware wani ɗinki, ka ce mana abu ɗaya kawai: a yi fenti, a sa gilashi, a yi duk abin da aka ga dama, amma kada a taɓa ƙyallayen. Na rubuta a littafin taro da hannuna. Yana nan a shafi na tara.

Sai aka aiko mana cewa wasu manyan baƙi za su zo duba wurin, masu ruwa da tsaki a kan gidajen tarihi. A makon ne aka kwantar da kai don a cire maka yanar ido. Ni na raka ka asibiti, ni na sa hannu a takarda, na ce ka kwantar da hankalinka, gidan tarihi yana hannuna.

Ranar Asabar da safe muka taru da tsintsiya da bokiti. Shugaba ya tsaya a tsakiyar ɗaki, hannu a ƙugu, ya ce, “Malam, baƙi za su shigo su ga tsummokaran nan? Ai sai su ɗauka bola muka tara. A cire su kawai, in ya so ka rubuta kati mai kyau.”

Wani ya ce, “Tela fa ya hana.”

Ni ne na amsa, Yaya. Ba Shugaba ba. Na ce, “Ku bar ni da shi, yayana ne. Ai duk yana da su a ka. In ya fito sai ya faɗa mini ina rubutawa.”

Ƙullin tela ba ya kwantuwa da farce, sai yanka. Ba mu zo da abin yanka ba, sai na miƙa hannu kan katakon almakasai. Na ɗauki na farko, tsatsa ta riƙe shi, ya ƙi buɗewa. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu ya buɗe ba gardama, ya zauna mini a hannu, yana ci kamar jiya aka wasa shi. Na fara da ƙyallen da ke jikinsa, wani shuɗi da ya koɗe har ya kusa zama fari, sannan na bi ɗakin kaf. Kafin azahar na gama. Ƙyalle ɗari uku da 'yan kai, na tara su a kwali, aka kai bayan ɗaki aka haɗa da shara aka cinna wuta. Almakashin kuma na jefa shi cikin kwando tare da 'yan uwansa, domin mun kira mai wasa wuƙa. Ya zauna a inuwar ƙofa kwana biyu, ya kankare tsatsar kowanne, ya wasa, ya sa mai. Kwanoni da fitilu aka goge su har mutum yana ganin fuskarsa. Muka jera komai a akwatunan gilashi. Na zauna na rubuta kati da rubutuna mai kyau, wanda ka biya wahalar koyonsa: Almakasan ma'aikatan masaƙa. Kwanonin abincin ma'aikatan masaƙa. Na ja da baya na duba, na ji daɗin aikina.

Kwana goma bayan haka aka cire maka bandeji. Shekara biyar kana ganin duniya dishi-dishi, ranar nan ka fito kana karanta fuskokin mutane daga nesa kana yi musu tsiya, wai ashe duk sun tsufa ba su gaya maka ba. Ko gida ba ka bari an kai ka ba, ka ce a fara biyawa ta gidan tarihi. Abin da ka fara gani sosai da sabon idonka ke nan. Ka tsaya a bakin ƙofa. Ka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, hannunka a baya, ba ka taɓa komai ba. Sannan ka juyo ka ce, “Ina ƙyallayen?”

Shugaba ya yi dariya ya dafa kafaɗarka, ya ce, “Baba Tela, an ci gaba ai. Yanzu sai ka huta, ka bar wa yara.” Yaran da yake nufi, ƙaraminmu ya haura sittin.

Ba ka kalle shi ba, ni ka kalla. Na ce an ƙone, amma ga littafi ga biro, ka zauna ka faɗa mini ina rubutawa. Ka ciro makullin ɗakin daga aljihu, ka ajiye a kan gilashin, ka fita. Ba ka sake taka ɗakin ba sai ranar baƙi, da matarka ta matsa maka. Ranar ma a layin baya muka ajiye ka, kusa da masu riƙe lema, domin kujerun gaba na kwamiti ne. Aka yaye ƙyalle daga kan allon da muka kafa a bango, mai sunayenmu mu bakwai. Baƙi suka yaba da tsabta. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi ko an san masu kayan nan, Shugaba ya ce ana kan bincike.

A makon da ya biyo baya tsohuwar nan matar mai rini ta zo. Ni ne a bakin aiki. Ta doshi inda ta saba, ta tarar da gilashi da kwano goma sha tara suna ƙyalli. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, “Malam, ɗan nan, wanne ne na mai gidana?” Na nuna mata na uku daga hagu, don shi ya fi kusa da yatsana. Ta sunkuya ta dube shi, ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Ba shi ba ne. Amma na gode, Allah ya yi albarka.” Ta juya da sandarta. Ba ta ƙara zuwa ba, kuma ta riga ka tafiya da wata biyu. Albarkar nan da ta sa mini ta fi duk zagin da ka taɓa yi mini ciwo.

A ranar da yamma na je gidanka. Kana ciki ka ƙi fitowa. Matarka, wadda tun tana amarya muke wasa da ita, ta kawo mini ruwa ba ta ce mini ko sannu ba. Da zan tafi ta biyo ni zaure ta ce, “Ka san har da na babanku a ciki?” Na ce na me. Ta ce, “Almakashinsa. Shi ya fara ajiyewa a ɗakin, kafin na kowa. Ƙyallen da ke jiki kuma zanen Inna ne, guntun da ya rage ke nan a duniya.” Na jingina da bango. Shekara sittin da biyar ina neman abin da zan taɓa in ce hannun babana ya taɓa shi, ashe yana kan katako a gabana, ban tambaya ba, kai kuma ba ka faɗa ba.

Daga nan na fara sintiri. Wata bakwai, kusan kullum, ina zuwa shagonka in zauna a kan buhun ƙyallaye in yi tambayata. Kai kuma ka gwada mini cewa duk abin da ka yi mini a baya wasa ne. Wata rana ka ce in je in karanta katin da na rubuta, ai ya yi bayani. Wata rana ka ce kai jahili ne, ina kai ina sanin tarihi. Wata rana ka kira maƙwabcinka mai gyaran rediyo ka ce ya zo ya ga malamin da ya koyar da yara dubu ya kasa gane uba ɗaya. Yawanci dai sai ka taka keke da ƙarfi har ƙararsa ta rufe muryata. Na kawo maka almakasan duka a jaka na zube a kan teburinka, ka ɗauki yadi ka rufe su, ka ce in kwashe kayan kwamiti daga shagonka.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba, kuma wannan ba zan rufa maka ba don ka mutu. Mutane sun zo, 'ya'yan ma'aikata da matansu, waɗanda ba su yanke komai ba, ba su ƙone komai ba, suna roƙon ka zo ka nuna musu nasu. Ka ce su je wurin masu ilimi. Wata mata ta durƙusa a ƙofar shagonka tana kuka a kan fitilar ubanta, ka ci gaba da auna yadi. Na tsane ka a ranar, Yaya. Na ce a raina girman kai ne, ka gwammace tarihin gida ɗari uku ya bi ka kabari da a ce ka sauko.

Ciwon ƙirji ya kwantar da kai a farkon watan nan. Ranar Lahadi da la'asar, kwana biyu kafin rasuwarka, matarka ta fita neman ruwan zafi, aka bar mu mu biyu. Na yi niyyar ba zan tambaya ba. Kai ne ka buɗe ido ka ce, “Ɗan boko.”

Na ce, “Na'am, Yaya.”

“Ranar nan, da me ka yanke?”

“Da almakashi.”

“Na ina?”

“Na kan katako. Na ɗauki uku suka ƙi buɗewa, na huɗu ya ci.”

Ka yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ka ce, “To shi ne. Shekara goma sha tara, duk mako sai na sa masa man keke, shi kaɗai. Sauran na mutane ne, na bar su yadda aka kawo su.”

Na ce, “Yaya, to yanzu wanne ne a cikinsu?”

Ka ce, “Ina zan sani? Da kun bar su da tsatsarsu, ko makaho ya nuna maka. Kuna ta cewa suna kaina. Ba sa kaina. Ƙyallen nake gani in tuna, kamar yadda kake ganin baƙi ka karanta. Kun ƙone mini littafi kuna bina in yi muku karatu.”

Sai a lokacin na gane abin da ka yi wata bakwai kana ɓoyewa. Ka zaɓi a ce maka mugu da a ce Tela bai sani ba. Matar nan da ta durƙusa, ba ka da abin da za ka nuna mata, kai kuma ba irina ba ne da za ka nuna na uku daga hagu. Duk da haka, da ka so da ka gaya mini tun ranar farko. Ka riƙe, kana kallona ina zuwa ina komawa, sai da ka tabbatar babu sauran lokacin da zan yi maka gardama. Na kama hannunka na ce ka yafe mini. Ka ce, “Nawa na yafe. Na mutane kuwa, sai ka bi su gida-gida.” Ka juya fuskarka bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

An yi jama'a a jana'izarka, har da waɗanda suka ce ka taɓu. Shugaba ya yi kuka har sai da aka riƙe shi, ya kuma tabbatar an riƙe shi a inda kowa zai gani. Washegari ya kira taron gaggawa. An yanke shawara biyu. Ta farko, za a sa wa gidan tarihi sunanka, a rubuta da manyan baƙaƙe, a sama da namu. Ta biyu, don tunawa da salon aikinka, za a ɗaura wa kowane kaya ƙyalle. Har an sayo yadin a kasuwa, launi huɗu, sabo fil, za a yayyanka daidai wa daida don ya yi kyau a hoto. An nemi ni in yanka, wai na saba. Na rubuta duka a littafin taro, domin har yanzu ni ne sakatare, ban yi zuciyar ajiye makulli irin taka ba.

Makullin yana wurina. Na fara bin gidajen, na yi goma sha ɗaya. Wasu sun ce ba komai, wasu sun rufe ƙofa, wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe sannan ya tambaye ni ko yafewarsa za ta nuna masa kwanon wansa. Saura gida ɗari biyu da casa'in da wani abu, ƙafafuna kuma ba na da ba ne. Ran Asabar da safe, kafin kowa ya zo, nakan buɗe akwatin gilashin in fito da almakasan in jera a kan benci. Na gwada rufe ido in ɗaga su ɗaya-ɗaya ko hannuna zai tuna. Duk suna buɗewa, duk suna ci, mai wasa wuƙa ya san aikinsa. Sai in ɗauko kwalbar man kekenka, wadda matarka ta miƙo mini, in ɗiga wa kowanne, arba'in da ɗayan, don kada in tsallake shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara hamsin tana haƙuri da bakinka, yanzu kuma za ta yi haƙuri da rashinsa. Allah ya ba ta dangana, ya sa wata rana ta sake yi mini wasa. Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah ya raya su, ya ba su hannunka, ya rage musu harshenka. Ina yi wa gidajen ma'aikatan masaƙa ta'aziyya sau biyu, ta mutumin da ya adana musu iyayensu, da ta iyayen da muka sake binne musu a cikin gilashi. Kwamiti kuwa ba na yi masa ta'aziyya, domin bai yi rashin komai ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa farin yadin da ka kai gidajen marasa hali ya zame maka inuwa. Ya jiƙan Inna, ya jiƙan tsohuwa matar mai rini, ya haɗa ta da mai gidanta inda ba sai ta nemi alama ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. In kuma Allah ya sada ka da Baba, ka gaya masa da abin da na yanke zanen Inna. Na san ba za ka rage komai ba.